Garke biyu a tsibiri ɗaya: wahalar sa karɓa-karɓa a gem ɗin dabbobi

Hutun ƙarshen zango ɗan yayata ya zo ya yi mana mako biyu. Shekararsa goma sha biyu, irin yaran nan ne da in ka buɗe kwamfuta sai ka ji numfashinsu a ƙeyarka. Ya tarar ina buga Niche, ya tsaya a bayana ya kai minti goma bai ce uffan ba, can ya nisa ya ce, "Kawu, ba a yinsa mutum biyu?" Na ce masa ba a yi. Ya ce, "To ai ba tsere ake yi a ciki ba. Ka motsa naka, ka ba ni in motsa nawa. Ina wahalar take?"

Ga wanda bai san shi ba, Niche gem ne na wani ƙaramin kamfani, Stray Fawn Studio, da ke birnin Zurik na ƙasar Siwizalan. Ya fara fita a matsayin gwaji a 2016, aka kammala shi a 2017. Ana ba ka wasu 'yan dabbobi da babu irinsu a duniyar gaske, a kan tsibirin da aka yanka gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. Babbar dabba tana da motsi uku a yini: ko ta taka, ko ta tsinko 'ya'yan itace, ko ta share ciyawa, ko ta yi faɗa, ko ta yi barbara. In ka gama sai ka danna maɓallin rufe yini. Dare ya yi, kowa ya ci daga rumbu, kowa ya ƙara kwana ɗaya a rayuwarsa, mai cikin da ke kwance a sheƙa ta haihu. Abin da ya raba shi da sauran shi ne gado. Ƙaho, farce, launin gashi, ƙarfin gani, garkuwar jiki, duk daga uwa da uba ake ɗauko su, bisa ƙa'idar ilimin ƙwayoyin halitta na gaske. Ranar da garkenka ya ƙare, wasa ya ƙare. Kuma don mutum ɗaya aka gina shi.

Muka ce bari mu gwada da dokar gida. Kowace dabba tana da 'yan duwatsu uku a ƙirji masu nuna motsin da ya rage mata, ana kuma iya canza musu launi. Muka raba garken, nawa launi ɗaya, nasa wani launin. In gama da nawa in tura masa linzamin kwamfutar, ya gama da nasa ya rufe yini. Da farko lafiya lau. Rigima ta taso ne daga wata lamba guda ɗaya tal da ke gefen allo, wato yawan abincin da ke rumbu. Ni na baza nawa suna ta tsinko, shi kuwa ya gano cewa haihuwa ce ke ƙara masa dabbobin motsawa, sai ya tare a kan sheƙa. Kafin in ankara bakunansa tara, nawa huɗu, kuma daga gumina ake ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ce ya rage haihuwar nan haka. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai ba a rubuta sunanka a jikin rumbun ba."

Bai san ya taɓo tushen maganar ba. A gem ɗin da aka gina don mutum ɗaya, ba a rubuta sunan kowa a jikin komai ba.

Salon da yaron yake nema tsoho ne. Turawa suna ce masa hotsit, wato kujera mai ɗumi, don in abokinka ya tashi ka zauna sai ka ji ɗumin zamansa. Mu bari mu ce masa karɓa-karɓa. Worms na kamfanin Team17 na Ingila da haka ya yi suna tun 1995. Heroes of Might and Magic III na 1999 yana ɗaukar har mutum takwas a kwamfuta ɗaya. Advance Wars na 2001 kuwa 'yar na'urar hannun ce dungurungum ake miƙa wa juna. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa tsugunawa gefen masu dara a gindin dalbejiya, ramuka a ƙasa, wannan da tsinkaye wancan da tsakuwoyi, 'yan kallo sun fi masu wasan zaƙewa, ya san daɗin fage ɗaya da mutum biyu. Ga shi ba ruwansa da data, ba ruwansa da sabis ya ɗauke, kwamfuta ɗaya ta wadatar da gida.

Shi ya sa mutane suke ɗauka abu ne mai arha: ba intanet, ba haɗa na'ura da na'ura, maɓalli ɗaya ne mai cewa "na gaba". Amma ku dubi Civilization na kamfanin Firaxis, wanda shi tun asalinsa ƙasashe da yawa ne a taswira ɗaya. Kashi na biyar ya fita a 2010 babu karɓa-karɓa, sai a 2011 aka cusa shi ta hanyar gyara. Kashi na bakwai ma da ya fita a Fabrairun 2025 babu shi ya fita. In da aikin maɓalli ɗaya ne, da babban kamfani irin wannan bai bar shi baya har sau biyu ba.

Matar da take ita kaɗai a gida ba ta rubuta suna a tukunya. Buhun shinkafa nata ne, murhu nata ne, kullum ita ce da girki. Ranar da aka yi mata abokiyar zama, ba ɗaki ɗaya kawai aka ƙara ba. Komai na gidan sai an sake tambayar na wa ne, kuma yau wa ke da shi. Haka manhajar gem take. Mai rubuta ta, in ya san mutum ɗaya zai yi wasa, yakan ajiye abinci a wuri ɗaya da kowane sashe na manhajar zai iya miƙa hannu ya taɓa. Haka sassan taswirar da aka gano, haka jerin zuriya, haka ƙwayoyin gadon da aka buɗe, haka inda kyamara ta tsaya. Duk waɗannan yanzu sai sun zama biyu, ko huɗu, kowanne da mai shi. Wannan ma mai sauƙin ke nan. Mai cin rai ita ce 'yar tambayar nan da ke warwatse ko'ina a cikin manhajar: wannan dabbar ta ɗan wasa ce ko ta daji? Da can amsarta i ko a'a. Yanzu amsa uku ce: tawa, ta abokin wasa, ta daji. Ko zan iya ratsawa ta gefenta, ko zan iya kai mata hari, ko zan iya lasar mata ciwo, ko mafarauci ya bi ta, ko idonta ya buɗe mini hazon da ke rufe sassan taswirar da ban gani ba, kowanne wuri ne daban da sai an nemo shi an gyara, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wadda ta kuɓuce ita za ta fasa haƙori: sai ka ga dabbar abokinka ta tsinko abinci ya faɗa rumbunka.

A Niche akwai wani ƙulli na daban. Ana ƙaura daga tsibiri zuwa tsibiri, kuma dabbobin da suka taru a mashigar ƙaura su ne ke tafiya, sauran an bar su. To in ni na shirya tafiya abokina bai shirya ba fa? Ko dai a tilasta mana tafiya tare, ko manhajar ta riƙe tsibiri biyu a raye lokaci guda, ko a soke ƙaura gaba ɗaya a wannan salon. Na ukun ya fi arha, amma ya yanke wa gem ɗin ƙafa guda.

A ce an gama rubuta suna a jikin komai. Sai maganar dare.

A wasan mutum ɗaya tsarin a miƙe yake: kai ka motsa, duniya ta motsa. Bishiyoyi su sake 'ya'ya, mafarauta su taka, a ci abinci, a tsufa. Da mutum biyu, yaushe duniyar za ta motsa? In bayan kowane ɗan wasa ne, dabbobi za su riƙa tsufa sau biyu a zagaye ɗaya, sai an raba daren ma gida biyu. In sai bayan kowa ya gama ne, wanda ya fi dacewa da hankali, to na farko ya samu gata: kullum shi ke tarar da bishiya cike, na biyu ya tarar da reshe. Amma na ƙarshe ma ba a banza ya tashi ba. Shi ne ke motsi dab da fitowar mafarauta, ya ga inda kowa ya tsaya, sai ya ja nasa baya ya bar na abokinsa su ne mafi kusa da haƙori. Wanne gatan ya fi girma ya dogara da tsibirin: inda yunwa ta fi kisa na farko ya more, inda namun daji suka fi kisa na ƙarshe ya more.

Maganin da kowa ke fara kawowa shi ne a riƙa juya wanda zai fara. Yau ni, gobe kai. Da mutum huɗu abin yana tafiya. Da mutum biyu kuwa akwai rami a ciki. Yau na fara ka rufe, gobe ka fara in rufe. Ka ga ke nan ka yi wasa sau biyu a jere, dare kawai ya raba. Dabbarka mai motsi uku ta zama mai motsi shida kafin in ɗaga hannu. Ta isa ta taso daga inda ban ɗauke ta barazana ba, ta zo, ta kwashe bishiyata ko ta raunata mini jariri a sheƙa. Ni ma jibi zan rama, amma a wasan da mutuwa ba ta da gyara, wanda ya fara samun ninki biyun ya yi nisa.

Masu wasannin tebur sun daɗe da sanin wannan ciwon. A wasan Go, mai baƙin dutse ke farawa, don haka ake ba mai fari diyyar maki 6.5 a dokar Jafan. A Catan na Klaus Teuber, wanda ya fita a Jamus a 1995, wajen kafa gidajen farko ana bin layi a je a dawo, na ƙarshe ya ajiye biyu a jere, na farko ya zama na ƙarshe a dawowa. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne Dominant Species na Chad Jensen, 2010, inda ajin dabbobi shida ke kokawar rayuwa kafin zamanin ƙanƙara ya rufe su. A can masu shayarwa ne a saman jerin wa-ke-cin-wa, ƙwari a ƙasa, amma layin fara wasa a juye yake: ƙwari ke farawa. An ba mai ƙarfi ƙarfinsa, an ba mai rauni riga-kafi. Ni wannan dabarar ta fi kwanta mini ga gem ɗin dabbobi. Kowace safiya, mai ƙaramin garke ya fara. Ba a kawar da ninki biyu gaba ɗaya ba, amma ba ya zuwa sai lokacin da girman garkunan ya juya.

Yanzu jira. Mu yi lissafi a kan misali: mutum 4, kowa da dabba 10, kowace dabba motsi 3, kowane motsi daƙiƙa 5. Daƙiƙa 150 ke nan ga mutum ɗaya, minti biyu da rabi. Kafin layi ya dawo kanka ka zauna minti bakwai da rabi. Wannan fa in ba wanda ya tsaya auna wace mace za a haɗa da wane namiji, alhali nan ne zuciyar wasan, nan ake daɗewa. Akwai kuma mugunta a ciki da ba a cika lura da ita ba: mai babban garke shi ke cin lokaci, mai ƙarami ya gama nasa cikin ƙiftawar ido. Wato wanda ake dannewa shi ya fi kowa zaman jira. Ga mari ga tsinka jaka.

Ana iya yanka layin ƙanana, in motsa dabba ɗaya ka motsa ɗaya, kamar dara. Jira ya mutu, ninki biyu ma ya mutu. Sai dai linzami zai riƙa yawo hannu zuwa hannu sau da yawa a yini ɗaya, kuma in dabbobina tara ne naka huɗu, bayan ka ƙare ina da biyar da zan motsa ba mai tare ni. Ana kuma iya bin hanyar wasan tebur na Diplomacy na 1959, kowa ya ba da umarninsa a ɓoye sannan a zartar gaba ɗaya. Yana da armashi, amma sai an yi dokar abin da zai faru in dabbobi biyu suka nufi gida ɗaya ko bishiya ɗaya. Wannan ba ƙari ba ne kuma, sabon gem ne.

Duk wannan yana ɗaure da maganar ido, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu neman karɓa-karɓa ba su gama tunani ba. Rabin daɗin Niche rashin sani ne. Doguwar ciyawa tana ɓoye abin da ke cikinta, sai ka share ko ka saurara ko ka sansana. A kwamfuta biyu kowa da hazonsa. A allo ɗaya fa? Tsohuwar dabara ita ce labule: in layi ya ƙare allo ya rufe, ya rubuta sunan na gaba, ba ya buɗewa sai an danna. Civilization har kalmar sirri yake bari a sa. Amma labule ba ya ɗaure wuyan mutum. Dole abokinka ya juya baya da kansa, ya toshe kunne ma, don ƙarar faɗa ko kukan jariri ya isa ya gaya masa abin da ke faruwa. In ya juyo kuma sai an sake nuna masa abin da dabbobinsa suka gani yana juye, in ba haka ba zai tarar da gawa bai san wa ya yi kisan ba. Wannan maimaicin shi ma aiki ne babba, don sai manhajar ta riƙe duk abin da ya faru, ta tace wanda ya halatta ya gani. Sannan labule ba ya haɗuwa da layin dabba ɗaya-ɗaya. Ba wanda zai juya baya sau arba'in a yini ɗaya na gem. Ko dai sirri da dogon jira, ko gajeren jira ba sirri.

Ni dai na zaɓi na biyun ba tare da wani ɗar ba. Mutane ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya don su kalli bango. Ɗan yayata ko sau ɗaya bai juya baya ba, kuma da ya juya da rabin daɗin ya tafi, don surutun da ake yi a kan layin wani shi ne wasan. A bar taswira a buɗe, abin da ɗaya ya gano kowa ya gani, abin da ba a gano ba ya zama duhu ga kowa. Dajin ya isa abokin gaba mai sirri. In ana son a bar wani abu a ɓoye, a bar ƙwayoyin gadon da ba sa nunawa a jiki. Dubansu bai wuce daƙiƙa biyar ba, kamar mai leƙa katinsa a wasan wot ya kife. Wannan kowa zai iya kau da kai a kansa.

Kuma a kan waɗannan ɓoyayyun ƙwayoyin ne karɓa-karɓa zai iya ba gem ɗin dabbobi abin da gem ɗin yaƙi ba shi da shi. Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure ya san lissafin: mai AS ya auri mai AS, dukansu lafiyarsu ƙalau a ido, amma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Ƙwayar tana laɓe ne har sai ta gamu da 'yar'uwarta. A ƙaramin garke, inda kowa ɗan'uwan kowa ne, gamuwar ba ta da wuya. Niche ya gina wannan a cikin garkuwar jiki: dabbar da ta gaji iri ɗaya daga uwa da uba ta fi saurin kamuwa da ciwo. Mai wasa shi kaɗai yana magance wannan ta jawo baƙin dabbobi masu yawo cikin garkensa da abinci. To raba tsibirin gida biyu. Kowane garke ya ƙanƙance, jini ya fi saurin kusantar juna, baƙi masu yawo sun zama abin rububi, kuma sabon jini mafi kusa da kai yana hannun abokin hamayyarka.

Ba tatsuniya ba ce. A tsibirin Isle Royale da ke tafkin Superior a Amurka, kyarketai sun yi ta auren gida har ƙashin bayansu ya fara lalacewa. A 1997 wani namiji ya tako ƙanƙara daga Kanada ya shigo, jininsa ya farfaɗo da su na wani lokaci, sannan shi ma ya zama kakan kowa. Zuwa 2016 biyu suka rage, uba da 'yarsa, sai da aka fara kawo wasu daga waje a 2018. A Fulorida kuwa, da damisar yankin ta kusa ƙarewa, mata takwas aka ɗauko daga Tekzas a 1995, yawansu ya sake tashi. A gem ɗin yaƙi, in ka shafe maƙwabcinka ka ci. A nan in ka shafe shi ka rufe wa jikokinka ƙofa.

Daga nan sai tambayar da babu ita a Worms ko Civilization: namijina da macenka, ɗan na wa ne? A kiwonmu na gida amsar a bayyane take. Akuya ta fita ta haɗu da bunsurun maƙwabta, 'ya'ya na mai akuya ne, mai bunsuru ko godiya ba lallai ya samu ba. In gem ya bi wannan, mai namiji ba shi da dalilin yarda, sai an sa farashi: abinci kaza a kan kowace barbara. Ko a bi tsarin ba da kiwo, inda ake raba abin da aka haifa tsakanin mai dabba da mai kiwo, wannan haihuwa taka, ta gaba tawa. Sai kuma batun izini. In zan iya tura namijina kan macenka a layina ba tare da na tambaye ka ba, barbara ta zama makami: in zuba maka mugun gado in yi gaba. Niche yana da ɓatagarin maza na daji masu yin haka, amma abin da mutum zai haƙura da shi daga kwamfuta ba zai haƙura da shi daga ƙaninsa ba. Gara allo ya tsaya ya tambayi mai macen ko ya yarda. A nan allo ɗaya ya fi intanet nesa ba kusa ba, don mutumin yana gefenka. Ba sai an gina wata kasuwa a cikin manhajar ba. Maɓallin miƙa abinci da maɓallin yarda sun isa, sauran ciniki baki zai yi.

Saura wanda garkensa ya ƙare. A dara in an cinye ka an tashi, a sake sabo. A wasan mutum huɗu mai cin awa biyu, wanda ya mutu a minti talatin ya zama ɗan kallo na dole. Wasu sukan ce a ba shi mafarauta ya riƙa juya su. Da daɗin ji, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: ba yunwar da ta kashe shi zai tuna ba, wanda ya hana shi aron abinci zai bi, ya zama shi ke zaɓen wanda zai ci wasan. Ya fi aminci a ba shi wata baƙuwar dabba mai yawo ya sake kafa gida, ko a yanke wa wasan wa'adi, kwana kaza, a ƙirga maki. Me za a ƙirga kuma? In yawan kai ne kawai, kowa zai zama ɗan yayata, a yi ta haihuwa har rumbu ya ƙone. Wasan tebur na Evolution, 2014, yana haɗa abincin da aka ci da yawan dabbobin da suka tsira da siffofin da suke ɗauke da su, don kada hanya ɗaya ta cinye sauran. Gem mai gado zai iya ƙara yawan zuriyar da aka jera da lafiyar jinin garke.

Da ni ne ƙaramin kamfani mai 'yan ma'aikata, ba zan fara da gasa ba. Zan fara da garke biyu, rumbu biyu, taswira a buɗe, tsibiri ɗaya, ba kai wa juna hari, kuma in garke ɗaya ya ƙare duka an faɗi. Wannan ya tilasta rubuta suna a jikin komai, wanda ko ta yaya sai an yi shi, amma ya kauce wa labule da maimaici da rigimar ɗan kallo. Akwai ma riba ta gefe. Tun Nuwamban 2019 Steam, dandalin sayar da gem na kwamfuta, yake da Remote Play Together, wanda ke aika hoton allon mutum ɗaya zuwa ga abokinsa na nesa, har su buga gem ɗin ɗaki ɗaya ta intanet. Yana shan data, kuma a can labule ba shi da wani amfani, tunda ba ka da yadda za ka san ko mutumin da ke wani gari ya rufe ido.

Mu dai a gida da littafin rubutu muka ƙare. Na ja layi a tsakiyar shafi, duk abin da dabbar mutum ta tsinko a rubuta a ɓangarensa, kowane dare a cire masa yawan bakunansa. Cikin 'yan kwanaki yunwa ta rage masa tara zuwa biyar, kuma biyar ɗin duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Ya yi shiru yana kallon jerin zuriyarsa, sannan ya ce, "Kawu, ara mini namijin nan naka mai ƙaho." Na ce abinci biyar. Ya ce uku. Muka daidaita a huɗu, kuma ɗan fari nawa ne. Washegari aka haihu, ɗan ya fito da lalurar ido. Na ce lallai yaron nan ya san macensa tana ɗauke da abin ya yi shiru, ya sayar mini da gara a buhu. Ko gezau bai yi ba. Ya turo mini linzamin ya ce, "Kawu, kai ka ce sai biyu sun haɗu ake samun haka. Buɗe naka mu gani."